Wa Ke Ba 'Ya'yanmu Shawara Kan Neman Gurbin Jami'a?

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara sakin sunayen waɗanda suka ɗauka, sai zirga-zirga ta tashi a Gusau da Birnin Kebbi. Uba ya saɓa babbar riga, ya ɗauki ambulan ɗin takardun ɗansa, ya nufi gidan ɗan majalisa, ko wani babban sakatare, ko surukin wani furofesa. Maganar ba ta canzawa: "Ranka ya daɗe, yaron nan likita yake son zama, a taimaka a sa mana baki." A karɓi ambulan, a ce za a duba, a yi addu'a a rabu. Galibin waɗannan takardu ba wanda ya san aikin da ya taɓa buɗe su. Da an buɗe, da an ga yaron D7 gare shi a Fiziks, wato bai sami kiredit ba. Ko a ga jami'ar da ake roƙo a shigar da shi ba ita ya sa a zaɓin farko ba. Ko a ga sakamakonsa na WAEC bai taɓa hawa shafin JAMB, hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a, ba, wato a idon na'urar da ke tantancewa bai ma gama sakandare ba.

Ra'ayina shi ne, abin da ya fi cutar da 'ya'yan Kebbi da Zamfara wajen neman kwasa-kwasan da ake rububi, irin su likitanci, haɗa magunguna, aikin jinya da lauya, shi ne shawarar da suke samu tana zuwa a makare, kuma daga bakin wanda bai san tsarin ba. Mai shagon intanet da ke sauri ya sallami layi shi ne ke zaɓa wa yaro kwas. Ƙawar uwa da ɗanta ya shiga jami'a shekara goma da suka wuce ita ce ke bayanin yadda ake yi. Sai abu ya lalace a tafi neman alfarma, ihu bayan hari. Ba na musun cewa alfarma tana aiki a ƙasar nan, kuma ba na cewa babu wanda aka taɓa danne wa haƙƙi. Amma kaso mafi girma na guraben nan lissafi ke raba su, kuma lissafin ba ɓoyayye ba ne. Laifinmu ne da muka bar shi ya zama sirrin 'ya'yan ma'aikatan jami'a da na makarantun kuɗi.

A fara da sanin dalilin tsananin. Jami'a ba ta da ikon ɗaukar ɗaliban likitanci yadda ta ga dama. Hukumar kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, MDCN, ita ke yanka wa kowace kwalejin likitanci adadin da za ta horar, gwargwadon malamanta, ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta. Haka majalisar kula da ilimin lauyoyi ke yi wa tsangayoyin shari'a, haka hukumomin masu haɗa magunguna da na ma'aikatan jinya ke yi wa nasu. Jami'ar da ta zarce adadinta tana jefa ɗalibanta cikin haɗarin gamawa ba tare da an yi musu rajistar aiki ba. Saboda haka idan shugaban sashe ya ce gurbi ya cika, sau da yawa gaskiya yake faɗa.

Su kuma guraben da ke akwai, a jami'o'in tarayya kashi uku ake raba su. Kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla, wanda ya fi maki ya shiga ko daga ina yake a Najeriya. Kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar ne. Kashi 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilimin boko, kuma Kebbi da Zamfara duk suna cikinsu. A ce sashe yana da gurbi 100. Yaro ɗan Argungu ko ɗan Ƙauran Namoda da ya nemi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato yana da ƙofa uku ke nan, domin jihohin biyu suna cikin yankinta. In bai kai ga shiga cikin 45 na farko ba, zai gwada sa'arsa a cikin 35, sannan a cikin 20. Abin da mutane ke mantawa shi ne 35 ɗin nan da wasu jihohi ake raba su, 20 ɗin kuma jihohi sama da ashirin ke da haƙƙi a ciki. Abin da zai faɗo wa jiha ɗaya bai taka kara ya karya ba, kuma a kan wannan ɗan kason yaro zai kara da 'yan jiharsa da suka yi karatu a manyan makarantun Abuja, Kaduna da Kano. Kason sassauci ne ga wanda ya kusa kaiwa. Wanda ya yi nisa da ma'aunin sashen, kason ba zai ɗauko shi ba, kuma in ba a sami ɗan jiha da ya cika ma'aunin ba, gurbin ba ya zama yana jira.

Akwai wani amfani na wannan kaso da ba mu cika mora ba. Jami'o'in tarayya na kudu su ma suna da shi. Jami'ar Ibadan, alal misali, takan fitar da makin shiga kowane kwas a jere uku: na cancanta, na yankinta, da na jihohin da aka bari a baya. Yaron da makinsa ya yi kyau kuma iyayensa za su iya ɗaukar nauyin nisa, bai kamata tunaninsa ya tsaya ga Sakkwato, Zariya da Kano kaɗai ba, inda duk 'yan Arewa maso Yamma ke cunkushewa.

Sai rikicin maki. A taron tsara ɗaukar ɗalibai na 2025, an amince da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 140 ga kwalejojin aikin jinya, 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. Da aka faɗi haka a rediyo, iyaye da yawa suka ɗauka cewa mai 180 ya haye da rata. Wannan 150 ƙasan rijiya ne, ma'anarsa kawai jami'a ba za ta ɗauki wanda ya gaza shi ba. Kowace jami'a tana da nata ma'aunin, kowane sashe kuma yana da nasa a sama da na jami'ar, sannan ainihin makin da aka tsaya a kai shi ne na mutum na ƙarshe da ya cike gurbi, wanda ke hawa da sauka kowace shekara. A sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, cikin kusan mutum miliyan 1.95 da suka zauna jarrabawar, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 cikin 400 ba. To masu neman likitanci daga cikin tsirarun da ke can sama ake tsamo su. Yaron da ke da 205 yana da kyakkyawar dama a kwasa-kwasai masu yawa, amma wanda ya ce masa ya zauna jiran likitanci a babbar jami'ar tarayya bai ƙaunace shi ba.

Ni a ganina ranar da yaro ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare, ranar ce neman gurbinsa ya fara, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Likitanci yana buƙatar kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Kiredit daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 sunansu wucewa, amma a nan daidai suke da faɗuwa. Jami'o'i da dama kuma suna sharɗanta cewa biyar ɗin su fito a zama ɗaya, wato ba a haɗa Kemistirin NECO da Fiziks ɗin WAEC, ko na bana da na bara. Wannan sharaɗin shi kaɗai yana zubar da ɗaruruwan yara kafin a kai ga duba makinsu na JAMB. Uban da ke burin ɗansa ya zama likita, tambayar da ya kamata ya yi wa shugaban makaranta tun yaron yana shekara goma sha huɗu ita ce: "Malam, akwai malamin Fiziks na dindindin? Yara suna shiga ɗakin gwaji su taɓa kayan da hannunsu, ko sai ranar jarrabawa?" In amsar ba ta gamsar ba, akwai shekara uku na neman mafita, ko canjin makaranta, ko darasin yamma, ko haɗa kuɗi da maƙwabta a ɗauki malami. Wanda ya san halin da makarantun kwana suka shiga tun bayan sace ɗalibai a Jangebe da Birnin Yauri a 2021 ya san yara da yawa sun rasa zangon karatu cur, kuma manhajar jarrabawa ba ta rage komai don su ba. Giɓin nan sai an cike shi da gangan.

Masu son lauya nasu tarkon daban ne. A galibin jami'o'i Adabin Turanci wajibi ne, a kiredit da kuma cikin darussan JAMB, alhali makarantunmu da yawa ba su da mai koyar da shi, sai a ce wa yaro ya ɗauki wani darasin a madadinsa. Ranar tantancewa sai a mayar da shi. Inda ake haɗa shari'ar Musulunci da dokar ƙasa kuma, a duba ko ana neman Larabci ko darasin Addinin Musulunci. Injiniyanci: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri. Duk wannan yana rubuce a kundin kwasa-kwasai na JAMB da ke shafinta na intanet, kyauta, kwas bayan kwas, jami'a bayan jami'a, har da keɓantattun sharuɗɗan kowace, kamar ko tana karɓar sakamakon NABTEB, na jarrabawar fasaha da kasuwanci, ko na NBAIS, na jarrabawar Larabci da ilimin addinin Musulunci. A kuma tuna da shekaru, domin 16 ne mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a.

Wurin rajista ne aka fi yin ɓarnar da ba ta da sauƙin gyara, shi ya sa zan daɗe a nan. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Yaro zai rubuta NIN, ya ba da tazara, ya sa lambobinsa 11, ya tura zuwa 55019 ko 66019, sai a turo masa lambar shaida wadda da ita zai sayi fom. Layin wayar da aka tura saƙon da shi ya zama nasa a wurin JAMB har ya gama. Ta nan sakamako zai zo, ta nan za a sanar da shi komai. Amma me ake yi? A tura da layin yaya, ko na mai shago, ko wani layi da aka saya ranar aka jefa a aljihu har kamfani ya rufe shi. Bayan wata shida a rasa inda saƙo ya tafi. Layin ya zama na yaron ko na mahaifinsa, wanda ba wani ɗalibi da ya taɓa rajista da shi, a kuma riƙa sa masa kati don kar ya mutu. Haka imel: yaron ya buɗe nasa, ya rubuta lambar sirrin a littafi a gida.

Sunan da ke kan NIN shi JAMB za ta kwaso, da ranar haihuwa. Mu kuwa mun saba da sakaci a nan. A firamare Muhammadu Sani, a WAEC Mohammed Sani Bungudu, a NIN Sani Muhammad. A wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin jami'in tantancewa mutum uku ne. Tun kafin a fara sayar da fom, a ɗora takardar haihuwa, katin NIN da rajistar WAEC ko NECO a kan tabarma ɗaya a karanta harafi bayan harafi. In akwai saɓani a je ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, a gyara, domin gyaran yana ɗaukar lokaci kafin ya bayyana. Sannan a kula da gurbin jihar asali da ƙaramar hukuma. Yaro ɗan Anka da ya tashi a Kaduna, in aka rubuta masa Kaduna saboda a nan yake zaune, ya fita daga kason Zamfara ke nan, kuma takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma da zai kawo daga baya za ta saɓa da fom ɗinsa. Rajistar kanta a cibiyar jarrabawar kwamfuta, CBT, da JAMB ta amince da ita ake yi, inda za a ɗauki hoto da zanen yatsu. Kafin ma'aikacin ya danna aikawa, yaro yana da haƙƙin ya ce, "Yallaɓai, don Allah bari in karanta." Minti biyu ne. Kunyar faɗin wannan ta ci wa yara da yawa shekara guda.

Zaɓin farko shi ne zaɓi. Jami'ar da masu nemanta suka ninka gurabenta ba ta waiwayar wanda ya sa ta a na biyu. Haka makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, NDA, wadda ke da tata jarrabawar da gwajin lafiya da iyakar shekaru. Bayan sakamako ya fito JAMB tana buɗe damar canza jami'a ko kwas da ɗan kuɗi kaɗan, kuma a nan ne shawara mai kyau ke da tsada. Mai maki tsaka-tsaki da ya nace wa Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero zai iya ƙarewa a gida, alhali Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ta Gusau, waɗanda aka kafa a 2013, da jami'ar jiha ta Aliero, da ta Talata Mafara, da Jami'ar Aikin Gona ta Zuru suna kusa da shi, kuma a jami'ar jiha ɗan jiha ne a gaba. Abu ɗaya da za a tabbatar kafin a sa kowace sabuwar tsangaya ta lafiya ko shari'a shi ne hukumar sana'ar ta amince da kwas ɗin, ban da amincewar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa.

Jarrabawar kanta tambaya 180 ce cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yaron da sai ya karanta tambaya sau biyu ya fassara ta zuwa Hausa a zuciyarsa kafin ya gane abin da ake nema, lokaci zai cinye shi ko da ya san Kemistirin. Shi ya sa nake ganin karanta Turanci kullum, jarida ko littafi, shafi biyar zuwa goma, yana ƙara maki a duk darussa huɗu. Sai kwamfuta. Tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta jarrabawar, amma har yau akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka zauna gabanta. Abin ba wuya: A, B, C, D na amsa ne, N na zuwa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Wahalar ita ce firgici, kuma maganinsa zama sau uku ko huɗu kafin ranar, da yin jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa. Ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka kada a bar tambaya ba amsa. A yi atisaye da tambayoyin shekarun baya da agogo a gefe, a bi manhajar JAMB, kada a dogara da abin da aka samu aka koyar a aji.

Bayan wannan akwai tantancewar jami'a, wadda aka fi sani da Post-UTME. Wasu jarrabawa suke yi, wasu takardu kawai suke dubawa su ba kowane kiredit maki. Fom ɗinta daban ne, a shafin jami'ar ake saye, kuma yana da ranar rufewa. Wanda bai cike ba ya fita, ko da 320 gare shi. Yadda ake haɗa makin ya bambanta, amma wani salo da aka saba shi ne a raba makin JAMB gida takwas ya koma bisa 50, a ɗora na tantancewa bisa 50. Mai 280 yana da 35, mai 250 yana da 31.25. Tazarar maki 30 ta koma ƙasa da maki huɗu, wadda tambayoyi kaɗan a jarrabawar jami'a za su iya shafewa. Darasin a fili yake: mai 280 da ya miƙe ƙafa bayan JAMB, mai 250 da ya ci gaba da karatu zai wuce shi. Inda kuma ake ba kiredit maki, A1 da C6 ba ɗaya ba ne, don haka "ai dai ya samu kiredit" ba ta isa ba.

Tun 2017 duk ɗaukar ɗalibai ta cikin tsarin JAMB mai suna CAPS take bi. Jami'a ta gabatar da suna, JAMB ta amince, sannan ɗalibi ya shiga shafinsa ya danna karɓa ko ƙi. Abu uku ke lalacewa a nan. Na farko, wanda ya yi rajista yana jiran sakamakon sakandare dole ya koma cibiyar CBT ko ofishin JAMB a ɗora masa shi bayan ya fito, sannan ya shiga shafinsa ya gani da idonsa cewa ya hau. Ɗorawa a shafin jami'a ba ta wadatar. Na biyu, wani lokaci jami'a takan ga yaro bai kai likitanci ba ta miƙa masa wani kwas, sai saƙon neman amincewarsa ya zauna a shafin ba wanda ya buɗe. Na uku, gurbin da aka bayar yana da wa'adin karɓa na 'yan makonni, in ya wuce a ba wani. A garuruwan da sabis ɗin waya ke wahala, ya kamata a ɗora wa wani amintaccen ɗan'uwa a birni nauyin duba shafin sau biyu a mako, daga fitar sakamako har a rufe ɗauka.

Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, gurbin bogi ne ko da yaro yana shiga aji yana rubuta jarrabawa. Sai ya gama a nemi sunansa a jerin JAMB a rasa, bautar ƙasa ta gagara. Duk wanda ya ce zai ƙara wa yaro maki, ko ya ce a tura kuɗi a asusunsa na kansa don yana da mutum a ciki, ɗan damfara ne, kuma takardar da zai buga ta jabu tana iya jawo a soke sakamakon gaskiyar.

To idan ba a samu ba fa? A nan ne na fi jin takaicin shawarar da ake ba yara. Wadda ta fi yawo ita ce, "Karɓi Bayoloji ko Bayokemistiri, in ka shiga aji biyu sai ka koma likitanci." Adadin da MDCN ta yanka bai ƙaru don yaro ya shiga ta taga ba. Su kansu waɗanda aka ɗauka likitancin sai sun ci Fiziks, Kemistiri da Bayoloji na ajin farko da makin da kwaleji ta gindaya kafin su wuce. Canjin yakan yiwu ga ɗaiɗaiku a wasu jami'o'i, a wasu kuma an rufe ƙofar. Wanda zai karɓi kwas ya karɓe shi da niyyar zai iya gama shi. Hanyoyin gaskiya su ne: sake rubuta JAMB da shiri na wata takwas, tunda sakamakonta na shekara ɗaya ne, ko yin IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, ko JUPEB, waɗanda karatu ne na gaba da sakandare mai jarrabawa a ƙarshe, a nemi shiga aji biyu na jami'a kai tsaye, da sanin cewa guraben wannan hanya sun fi ƙaranci kuma sai mai maki na ƙoli, ko shirin share fage na jami'ar da ake so, bayan an tambayi ko yana kaiwa ga kwas ɗin.

Kuma lokaci ya yi da iyaye za su daina ɗaukar asibiti a matsayin likita kaɗai. Kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, ɗaukar hoton marasa lafiya, gashin ƙashi, aikin jinya da ungozoma, duk sana'o'i ne masu lasisi da asibitocinmu ke ƙishirwarsu, musamman mata. Likitan dabbobi, wanda ake koyarwa a Sakkwato, a jihohin da dukiyarsu shanu da tumaki ne, abin mamaki ne yadda ake yi masa kallon kwas ɗin wanda ya rasa. Yaron da aka tilasta wa shekara uku yana maimaita JAMB don a kira uwarsa maman dakta, an ci masa shekarun da da ya kusa gama wani karatun. Sai a tambaye shi ma, "Kai me kake so?" A kuma yi lissafin aljihu da wuri: likitanci shekara shida ne, lauya biyar da ƙarin makarantar lauyoyi. Asusun bashin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024 yana biyan kuɗin makaranta a makarantun gwamnati ba ruwa, amma sai an sami gurbi an yi rajista ake nema, don haka kuɗin farko na wuyan gida.

Wa za a tambaya ke nan? Ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da kansa, ofishin JAMB na Gusau ko Birnin Kebbi, da ɗalibin da ya shiga wannan sashen bara, ba wanda ya shiga shekara bakwai da suka wuce ba. Tambayoyin su zama masu amsa da lamba. Gurbi nawa sashen ke da shi? Da maki nawa ɗan jiharmu na ƙarshe ya shiga bara? Yaya kuke haɗa makin? Zama ɗaya ko biyu? Yaushe fom ɗin tantancewa ke rufewa? Mai ba da shawarar da ya amsa da "kar ka damu, Allah zai yi" ba tare da ya buɗe takardun ba, addu'a ya yi maka, mun gode, amma shawarar tana nan ba a ba da ita ba.

Abin da ya sa na ɗauki wannan a matsayin maganar jama'a, ba ta gida-gida ba, shi ne ɗan mai hali zai sami wannan bayanin ko ta yaya. Wanda ke rasa shi ɗan manomi ne a Bagudo ko Bukkuyum, wanda shi ne na farko a gidansu da ya kai aji shida. Jami'o'in da ke jihohin nan su riƙa wallafa makin da kowane sashe ya tsaya a kai, na cancanta da na kowane kaso, kowace shekara. Hakan zai rage zargi, ya rage layin masu ambulan a ƙofar ofisoshinsu. Gwamnatocin jiha su biya kuɗin WAEC da NECO a kan kari. Zamfara ta ɗanɗana abin da bashin kuɗin jarrabawa ke yi, lokacin da aka riƙe sakamakon ɗaliban makarantun gwamnati, kuma yaron da sakamakonsa ke riƙe ba shi da abin ɗorawa a CAPS ko da ya fi kowa maki. 'Yan siyasar da ke sayen fom ɗin JAMB suna rabawa, Allah ya saka, amma fom ba tare da darasi da zama gaban kwamfuta ba rabin taimako ne. A ware wani kaso na kuɗin a biya malamai huɗu na wata uku.

Ma'aikatun ilimi kuma su horar da malami ɗaya a kowace babbar sakandare kan kundin JAMB da CAPS, ya zama aikinsa ne ya duba takardun kowane ɗan aji shida ya sa hannu kafin yaron ya je rajista. Kafin gwamnati ta motsa, ƙungiyoyin ɗalibai da na tsofaffin ɗalibai za su iya farawa. Kebbi ƙananan hukumomi 21 gare ta, Zamfara 14. Kowace tana da 'ya'yanta a aji uku ko huɗu na likitanci, shari'a ko injiniyanci, waɗanda suka bi hanyar nan kwanan nan kuma suna dawowa gida hutu. Asabar ɗaya a watan Disamba, kafin a fara sayar da fom, a aji ɗaya na makarantar garin, kowane yaro ya zo da mahaifinsa ko mahaifiyarsa, da katin NIN, da takardar haihuwa, da sakamakon aji biyar, a zauna a duba su ɗaya bayan ɗaya.